Bijimin da Ya Shigo Babu Igiya

"A tarihin wannan gona, cuta ba ta taɓa tasowa daga ciki ba. Duk wadda kuka gani, daga waje ta zo."

Shugaban ƙungiyar masu shanu ne ya faɗi haka, yana tsaye a ɗakin taro ƙarƙashin hoton mahaifinsa, wanda ya kafa gonar. Da lasifika ya faɗa, ko da yake wanda ke kujerar ƙarshe yana iya jin numfashinsa. Aka tafa masa. A can bayan ɗakin kuwa, shanun ƙungiya suna tsaye sun ware ƙafafun gaba, sun miƙa wuya, suna tari irin na tsohon mashayin taba. Wasu sun riga sun daina tarin, an ja su an binne.

Ciwon huhu ne. Likitar dabbobi ta faɗi sunansa, ta kuma faɗi abin da doka ta tanada. Shanun gona da suka kamu za a fitar da su, sauran a killace su a yi musu rigakafi. Amma garken da cutar ta fito daga cikinsa, motar mayanka za ta zo ta kwashe shi gaba ɗaya, mai tari da marar tari. Abin da ya rage shi ne a san garken wa.

Jama'a ba su wahalar da ƙwaƙwalwarsu ba. Da safiyar ranar wani makiyayi ya ga inda aka yanke wayar shinge ta gefen rafi, aka mayar aka ɗaure. A tsallaken rafin kuwa akwai Baƙo. Mutumin ya yi shekaru yana kiwo a filin, a nan aka haifi 'ya'yansa, babbar har ta shiga sakandare, amma ba wanda ya ga dalilin sake masa suna.

"A kira Mai Sawu," in ji Shugaba. "Ba don ba mu sani ba. Don a bi ƙa'ida."

*

Mai Sawu kawun Shugaba ne, ƙanen mahaifiyarsa. A zamanin Marigayi, mahaifin Shugaba, in saniya ta ɓata, shi ake fara tasowa kafin a gaya wa mai ita. Lokacin ɓarawon shanu mutum ne mai mutunta sana'arsa. Da ƙafa yake zuwa, ya bi ta cikin ruwa, ya ɗaura wa saniya tsumma a kofato, kai kuma kana biye da shi kana yaba masa a zuci. Daga baya aka shimfiɗa kwalta, ɓarayi suka sayi mota, sana'o'in biyu suka mutu tare. Aikin ƙarshe da aka kira Mai Sawu a kansa akuya ce, aka same ta a bayan ɗakin mai ita tana cin zanen matarsa.

Ya iso bakin shingen da sandarsa, da tabaraun da aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare. Likita ta riga shi, tana riƙe da akwatin ƙanƙara. Ba ta daɗe da zuwa yankin ba, ba ta da yawan magana, kuma ita kaɗai ce a wurin da ba ta riga ta san mai laifi ba.

"Baba, an ce kai ne mai karanta ƙasa."

"Da can, 'yata. Yanzu ƙasar ta rage girman rubutunta."

Ya fara da wayar. Da filaya aka yanke ta, aka mayar aka murɗe tsaf, har aka lanƙwasa bakin don kada ya yagi dabba. Ya daɗe yana kallon murɗin.

"Ɓarawon nan ya samu tarbiyya," ya ce.

An yi sa'a gefen rafin laka ne, kuma a ruwan ƙarshe na damina aka taka shi. Rana ta zo ta gasa wurin, ya riƙe komai kamar siminti. Mai Sawu ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Sawun bijimi ne, babba, mai nauyi, kofatonsa na baya na hagu ya ɓantare a gefe. Ya shiga gona, ya kuma fita. Tare da shi akwai mutum mai takalmin roba, irin wanda ƙungiya take raba wa kowa, daga mai shara har Shugaba. A wurare da yawa kofaton ya hau kan sawun takalmin ya shafe rabinsa. Tsohon ya sa yatsa a ɗaya daga ciki.

"Me ka gani?"

"Na ga an zo an koma. Bari mu ga inda aka koma."

Sawun ya bi gaɓar rafi, ya shafi gefen filin Baƙo, ya hau tudu, ya isa bakin kwalta. Nan ya ƙare. Mai Sawu ya tsaya yana kallon titin yadda mutum yake kallon wanda ya ƙwace masa aiki. Ya tsallaka ya duba ɗaya gefen. Tsakuwa ce da busasshiyar ciyawa.

"Iyakar karatuna ke nan," ya ce.

"To bari in gwada nawa," in ji Likita, ta ɗaga akwatinta.

*

Baƙo ya tarbe su a bakin garkensa, ya shimfiɗa buhu, ya kawo ruwa. Siririn mutum ne mai gaisuwa da hannu biyu, halin da ya ƙara wa jama'a tabbacin cewa akwai abin da yake ɓoyewa.

"Ina bijiminka?" in ji Mai Sawu.

"Na sayar, Baba. Ƙarshen damina."

"Ƙarshen damina."

"Ya fara tunkuyi ne. Saura kaɗan ya ɗaga mini yarinya."

Daga cikin garken wata saniya ta yi tari. Baƙo ya runtse ido kamar an mare shi.

"Wallahi dusa ce, ta tura kai cikin buhu." Ya rage murya. "Baba, in motar nan ta kwashe su, ban san inda zan dosa ba. Waccan farar, da kakarta na zo wurin nan."

Matarsa ta leƙo daga ƙofar ɗaki. "Ka gaya masa ko gaisuwa sun daina amsa mana. Madarar jiya a ƙasa na zubar."

Likita ta ɗebi jinin saniyar da abin da ke hancinta. Mai Sawu ya tashi zuciyarsa ba daɗi, don ya fara yarda da jama'a, abin da bai saba ba.

Ya sami direban da ke kai shanu kasuwa a ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"E, ni na kai bijimin Baƙo. Laifi ne?"

"Yaya kofatonsa na baya?"

"Haba Kawu, ni taya nake dubawa. Amma in halinsa kake tambaya, dubi ƙofar motata." Ƙofar ta loɓa kamar tsohon kwano. "Da igiyoyi muka ja shi, yana taka birki da duk ƙafafunsa. Shi mai shi ma daga nesa yake ba da shawara."

Mai Sawu ya shafa loɓawar ya wuce. Ya tarar da babban makiyayin gona a rumfar tatsa yana wanke bokitai waɗanda babu abin da za a zuba a cikinsu.

"Ta yaya bijimi zai shiga gona ya zauna da shanu, ba wanda ya gan shi?"

"Yaushe?"

"Ruwan ƙarshe."

"Ai ba mu nan. Shugaba ya tura mu birni gaba ɗaya, taron ƙara wa juna sani kan yadda ake hana cuta shiga gona. Har takardar shaida aka ba mu, tawa tana jikin bango. Shanu aka bar su a makiyayar rafi, ga ruwa ga ciyawa. Shugaba ya ce zai riƙa sa ido."

"Mai gadi fa?"

"Ƙofa aka ba shi, ƙofa yake gadi. Kuma ka san doka. Duk dabbar da ta biyo ta ƙofa sai an keɓe ta an gwada jininta. Bijimi kuwa in ba ɗan ƙasar waje ba ne, ba ya taka gonar nan."

Mai Sawu ya san dokar, ɗan yayarsa ne ya kafa ta. Tun da ya dawo daga karatu ya cika gonar da shanun ƙetare, masu ba da madara kamar famfo, masu suma in rana ta yi zafi. Irin shanun mahaifinsa kuwa, dogaye masu tozo da manyan ƙahoni, a gaban taro ya kira su shanun tarihi, ya ce wurinsu jikin hoto.

*

Gwaji yana cin lokaci, jama'a kuwa ba su da shi. Kwamitin ƙungiya ya yi zama ya kwatanta wa motar mayanka hanyar filin Baƙo. Likita ta ƙi sa hannu. Aka ce da ma 'yan boko haka suke, sai gari ya ƙone suna neman hujjar wuta. Ta ji, ta ci gaba da aikinta. Da sakamako ya fito, ta aika aka kawo mata Mai Sawu birni.

Ɗakin gwajin yana da sanyi da warin maganin asibiti. A kusurwa wani tsohon firiza yana gurnani. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta nuna masa waɗansu layuka masu launi, jere a kan jere.

"Baba, ciwon ɗaya ne, amma ƙwayoyin da ke kawo shi gida-gida ne, kamar mutane. Kowace tana ɗauke da rubutun halittarta a jikinta. In muka karanta, mukan san 'yar wane gida ce."

"Wato ita ma tana da kofato."

"Har da inda ya ɓantare. Ga saniyar Baƙo. Babu komai a cikinta, dusar ce kamar yadda ya faɗa."

Mai Sawu ya gyara zama. Ya ji kunya.

"Waɗannan kuma su ne ƙwayoyin da muka samu a kasuwanni da kan iyaka a 'yan shekarun nan. Duk dangin juna ne, dubi yadda launinsu ya tafi. Ga ta gonarku."

Ko da tabarau mai zare, ya ga ba su yi kama ba.

"To 'yar wa ce?"

"Ni ma abin da ya hana ni sukuni ke nan. Sai na koma wancan." Ta nuna firizan. "Waɗanda suka riga mu aiki a nan ba su zubar da komai. Duk annobar da aka yi, sun ajiye ƙwayarta a 'yar kwalba. Na bi su ɗaya-ɗaya, har na zo kan wata tsohuwa daga can ƙasa. Daga gonarku aka ɗauko ta, lokacin babbar annoba. Ina firamare a lokacin." Ta jera layuka biyu kusa da juna. "Ta ɗan sauya, kamar yadda jika yakan sauya. Amma hancin gidan ne."

"An kwashe garken nan duka," in ji shi a hankali. "Ina wurin."

"To ba duka ba. Wannan ƙwaya ba ta zama a ƙasa ko a ruwa, huhu take so. Saniya takan warke a ido, alhali cutar tana ƙunshe a wani lungu na huhunta. Akwai wani garke, ƙarami, wanda ba ya cuɗanya da kowa, da ya riƙe ta duk shekarun nan, wannan ta miƙa wa wannan. Su sun saba da ita. Shanun ƙetare ba su taɓa gamuwa da ita ba. Ni dai iyakar nawa karatun ke nan, Baba. Na san gidan, ban san hanyarsa ba."

Mai Sawu ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Na san hanyar," ya ce.

*

A cikin motar komawa ya tuna ranar. Marigayi yakan sa wa shanunsa sunan muƙamai, Sakatare, Ma'aji, Alƙali, wai sun fi masu riƙe da muƙaman natsuwa. Da yamma in sun dawo daga kiwo, ƙahoninsu ake fara hangowa a kan tudu, yara su hau shinge suna kiran sunayensu. Ranar da motocin mayanka suka zo, Marigayi ya tsaya a ƙofa, hularsa a hannu, yana kiran kowace yayin da ake loda ta. Bai ƙara shekara a duniya ba. Matarsa ta kwashe kayanta ta koma wani ɗan gida a bayan dutse, can tsallaken inda kwalta ta bi daga baya. Kowa ya san tsohuwar tana da 'yan shanunta, kamar yadda aka san tana da ciwon gwiwa. Ba wanda ya taɓa tambayar daga ina suka fito.

Bai shiga gidan kai tsaye ba. Ya zaga ta wurin kwamin ruwa, inda ƙasa ba ta bushewa. Bai ma buƙaci durƙusawa ba. Kofaton baya na hagu, ɓantararre a gefe. Mai shi yana tsaye a inuwa, fari tas, da tozo kamar tulu. Mai Sawu ya yi masa kira irin na makiyaya, ya miƙa hannu. Bijimin ya dube shi sama da ƙasa, ya juya masa baya.

"Ba ya kula talakawa," in ji wata murya. "Alƙali ne, jikan jikan wancan."

Yayarsa tana zaune a kan kujerar katako a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafa, tana tsince wake a faranti.

"Auta, ka zo gaishe ni ne ko ka zo aiki?"

"Aiki, Yaya."

"Na sani. In gaisuwa ce ta ƙofa kake shigowa. Zauna. Ka rame, matar nan ba ta ba ka abinci?"

Ya zauna a kan dutse. Gemunsa ya yi fari, amma a gidan nan har gobe Auta ne.

"Yaya, shanun nan, lokacin annoba ina suke?"

"A nan. Na kawo su su yi ƙiba, sati kaɗan kafin abin ya tsananta. Mutanen gwamnati suka zo da manyan takalma, suka ce wa mijina ya nuna shanunsa, ya nuna. Bai ɓoye ko maraƙi ba. Waɗannan nawa ne, shi ya ba ni uwarsu da na haifi yaron nan. Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni. Ruwa kawai suka ce in kawo musu."

"Suna tari?"

"Kaɗan, in sanyi ya shigo. Kamar ni. Wata ta kwanta, yawanci su tashi." Ta ɗago ta dube shi. "Su ne?"

"Su ne."

Ta ci gaba da tsintar waken. A jikin bango ya hango buhun gishirin shanu, sabo, da tambarin ƙungiya.

"Wa ya ɗauki Alƙali ƙarshen damina?"

"Wanda ya ɗauke shi ya roƙe ni, na ba shi. Ba sata ba ce, ba aikinka ba ne."

"Motar za ta je filin Baƙo."

"Mai yarinyar nan da ke kawo mini maganin gwiwa daga kanti?"

"Shi."

Ta ajiye farantin. Can cikin garke wata karsana ta yi kuka, wata ta amsa. Tsohuwar ta saurara kamar mai jin hirar 'ya'yanta ta bayan labule.

"In na tashi da safe, fuskarsa nake gani a cikinsu," ta ce. "Dubi tafiyar waccan. Haka Sakatare take tafiya, kamar an bar ta da ajiyar sirri." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bayan hannu. "Mijina bai taɓa kiranka don ka ga rabin sawu ba, Auta. Je ka faɗi abin da ƙasa ta gaya maka. Amma ka ci abinci tukuna."

Ya ci. Bai ji ɗanɗanon komai ba.

*

Ɗakin taro ya cika har taga. Baƙo yana kujerar gaba shi kaɗai, an bar masa fili hagu da dama. Direba ya zo da baƙin mai a hannu, babban makiyayi ya sa rigar da aka ba su a taron birni. Shugaba ya miƙa wa kawunsa lasifika, tsohon ya ajiye ta a kan tebur.

Likita ta fara. Ta ce shanun Baƙo lafiyarsu ƙalau. Ta ce ƙwayar ba ta kasuwa ba ce, ba ta kan iyaka ba ce, jikar wadda ta kashe garken Marigayi ce. Ɗakin ya yi gunaguni irin na mutanen da aka ƙwace wa abu a hannu.

Mai Sawu ya juya ga Direba. "In za ka kai bijimin wani wani wuri, a ina kake tsayawa?"

"A baya, da sanda. Ko a gaba da igiya, ina addu'a."

"In ka ja shi da igiya, yaya ƙasa take?"

"Kamar an yi noma."

"Kai fa?" ya ce da babban makiyayi.

"Haka ne. Bijimi ba ya bin wanda bai sani ba."

"To. A bakin rafi ƙasa ba ta yi kamar noma ba. Bijimin tafiyarsa yake yi a natse. Kuma kofatonsa ne a kan takalmin, ba takalmin ne a kan kofato ba. Mutumin yana gaba, dabbar tana biye, babu igiya. Da suka fito, mutumin ya tsaya ya ɗaure waya da hannu biyu, har ya lanƙwasa bakinta, bijimin yana tsaye yana jiransa. Na ga wannan tun ranar farko, amma kwalta ta cinye mini sauran, har na fara zargin bawan Allahn nan." Ya dubi Baƙo. "Ka yafe ni. Likita ce ta tsallakar da ni titi."

"Ina sawun ya ƙare?" wani ya tambaya daga taga.

"Bayan dutse. Gidan yayata."



"Tsohuwa ce ta yanke waya?" in ji Direba.

Mai Sawu ya girgiza kai. "Tsohuwar da ba ta iya zuwa bakin rijiya sai da sanda? Bijimin nan, Alƙali, na kira shi ya juya mini baya, ni da nake ƙanen mai shi. Mutum biyu yake bi a duniya. Ita, da wanda yake zuwa gaishe ta duk mako da gishiri a aljihu. Wanda ya san ranar da gona ba kowa. Wanda ubansa ya koya masa cewa in ka ɗaure waya, ka lanƙwasa bakinta."

Bai faɗi suna ba. Jama'a suka shiga nazarin rufin ɗaki da farcen hannunsu. Waɗansu suka dubi hoton Marigayi, wanda tsautsayi ya sa yake daidai saman kan Shugaba.

Shugaba ya miƙe. Ya ɗauki lasifika, ya bubbuga ta da yatsa, ya yi gyaran murya.

"'Yan uwa, muna godiya ga masu bincike. Kamar yadda kuka ji, garken da ake magana a kai yana bayan dutse, wato wajen shingen wannan gona. Saboda haka abin da na faɗa tun farko ya tabbata. Cutar daga waje ta zo."

Sakataren kwamiti ya rubuta. Mutum ɗaya ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mai da shi kamar yana kashe sauro. A hanyar fita mutane da yawa suka gaisa da Baƙo, suka tambaye shi iyali, wani har ya ce da ma shi bai taɓa yarda ba.

Shugaba ya cim ma kawunsa a bayan ɗakin, inda babu kowa. Ba tare da lasifika ba muryarsa ƙarama ce.

"Kawu, maraƙi ɗaya kawai nake so. Mai fuskar shanun Baba. Ka tuna yadda suke saukowa daga tudu?"

"Na tuna. Me ya hana ka bi ta ƙofa?"

"Bayan abin da na faɗa a gaban mutane?"

Mai Sawu ya dube shi. Yaron da yake ɗora wa a kafaɗa ya hango ƙahoni ne, ya yi tumbi, ya yi furfura.

"Gobe motar za ta je. Za ka zo?"

"Ina da taro a birni."

"Na me?"

Shugaba ya dubi takalminsa. "Na hana cuta shiga gona."

*

Motar ba ta iya hawa bayan dutse ba, sai ta tsaya a bakin kwalta. Ma'aikata suka sauko da igiyoyi da sanduna. Likita tana gefe da takardunta, ta sa hannu tun da safe. Baƙo ma ya zo, ba wanda ya kira shi, ya tsaya nesa ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ku ajiye igiyar nan," in ji tsohuwar. "Ba ɓarayi ba ne."

Ta sa mayafinta mai kyau, wanda take zuwa asibiti da shi. Ta buɗe garken da kanta, ta dogara sanda ta kama hanya. Alƙali ya bi ta, sauran suka bi shi. Ba ta waiwaya ba. Tafiyar ta yi tsawo saboda gwiwa, in ta tsaya hutawa su tsaya, in ta taka su taka. A bakin motar ta ja gefe, ta riƙa kiran sunayensu a hankali suna hawa, kowace ta shafa mata wuya.

Da motar ta tafi, ta miƙa wa Baƙo igiyar tatsa da bokitin da ta riƙo. Likita ta buɗe baki, tsohuwar ta riga ta.

"Na tafasa su, 'yata, har sau biyu. Ka kai wa matarka, ni ba ni da abin yi da su."

Sannan ta juya ga ƙanenta. "In ka ga yaron nan, ka ce ya zo ya ɗauki buhun gishirinsa, kada ya lalace. Kuma ka ce ya ci abinci, na ga ya faɗa."

Ta kama hanyar gida. Mai Sawu ya bi ta a baya, idonsa a ƙasa, don ya rasa inda zai kai shi. Sawun saukowa yana nan sabo a kan ƙura, ɗan ƙaramin silifas da ɗigon sanda, kofatai sun hau kai sun shafe rabi. A gefensa wani sawun yana hawa, silifas da sanda, babu abin da ya taka shi.